Kurom na Challawa da Hodar Haske: Tarihin Aikin George Blasse

Gabatarwa

Wanda ya fita birnin Kano ta hanyar Panshekara, ba zai yi nisa ba sai ya iske Kogin Challawa. A bakin wannan kogi ne, cikin farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, Hukumar En'e ta kafa gidan ruwa da injin wutar lantarki. Daga nan aka tura ruwa zuwa tankin Goron Dutse, aka kuma ja waya zuwa cikin birni. Kafin wannan lokaci, abin da yawancin mutanen Kano ke gani da shi da dare bai wuce aci-bal-bal ta man gyaɗa ba, da fitilar ƙwai ta kananzir, da wutar kara wadda almajirai ke kewayewa su yi tilawa.

Da tafiya ta yi tafiya aka keɓe filayen ma'aikatu a gefen birni. Bompai ce ta fari, tun zamanin mulkin Turawa, sa'an nan Sharaɗa da Challawa suka biyo baya bayan samun mulkin kai. Cikin sana'o'in da suka fi kafuwa a waɗannan wurare akwai jimar zamani, har ya zama yawancin manyan majemun Nijeriya a Kano su ke. Ita kuwa jimar zamani da gishirin wani ƙarfe a ke yinta maimakon bagaruwa, ƙarfen da ma'aikata ke kira kurom.

Wannan kurom da ke rina fata shuɗi-shuɗi a Challawa, ya kuma gurɓata ruwa idan ya zube, shi ne ke ba yaƙutu jan launinsa, har ya sa shi fid da haske na kansa. Sanin dalilin haka yana cikin ilmin sinadaran da ba na rai ba, watau na duwatsu da ƙarafa da gishiri iri iri. Maƙasudin wannan takarda shi ne a ba da tarihin wani malami na ƙasar Holan, George Blasse (1934–2020), wanda ya ƙare rayuwarsa ta aiki yana binciken abubuwan da ke ba da haske ba tare da sun ƙone ba, a kuma nuna inda aikinsa ya taɓa Kano.

Haske Ba da Wuta Ba

Tun fil azal ɗan Adam ya san haske tare da zafi. Itace sai ya ci wuta ya ke haskakawa, ƙarfe sai ya sha zuga a maƙera ya ke yin ja. Har ƙwan lantarki irin na da bai fita daga wannan ƙa'ida ba, domin siririyar waya ce a cikinsa ke yin zafi har ta yi fari, abin da ya ke mayarwa haske kuwa bai kai kashi 10 cikin 100 na wutar da ya sha ba. Amma duk wanda ya taɓa ganin maƙesu, ƙwaron nan da ke walƙiya da dare cikin damina, ya san akwai wani haske wanda a ke iya riƙewa a tafin hannu ba a ƙone ba.

Farkon wanda ya haɗa irin wannan haske da hannunsa a ƙasar Turai baduku ne mai ɗinkin takalma a birnin Bologna na Italiya, sunansa Vincenzo Casciarolo. Wajen shekarar 1603 ya tsinci wani dutse mai nauyi a gindin wani tsauni kusa da garinsu, ya gasa shi da gawayi da fatan samun zinariya. Zinariya ba ta samu ba, amma sai ya ga idan dutsen ya sha rana aka shigar da shi ɗaki mai duhu, ya kan yi ta haske har wani lokaci. Malaman zamaninsa sun yi ta muhawara a kai, ba wanda ya gano dalili.

Sai cikin ƙarni na 19 aka fara kama bakin zaren. A 1852 wani malamin Kambirij, George Stokes, ya nuna cewa irin waɗannan abubuwa su kan sha haske mai ƙarfi su mai da shi mai rauni. Launukan bakan gizo ba ƙarfinsu ɗaya ba: shuɗi ya fi kore, kore ya fi rawaya, rawaya ta fi ja, gaba da shuɗi kuma akwai wani haske mafi ƙarfi wanda ido ba ya gani. Saboda haka abu ya kan sha shuɗi ya fid da rawaya, ragowar ƙarfin ta tafi a ɗan ɗumi. A birnin Paris kuma, wajen 1858, Edmond Becquerel ya ƙera wata na'ura mai faifai biyu masu juyawa, wadda da ita a ke auna daɗewar haske bayan an kawar da fitila, ko da bai kai ƙiftawar ido ba. A 1866 wani Bafaranshe, Théodore Sidot, ya haɗa tutiya da farar wuta ya sami hoda mai haske, wadda daga baya aka daɗe ana shafa irinta a fuskar agogo da gilashin talabijin. Irin wannan abu ne a ke kira hodar haske a cikin wannan takarda.

A 1938 aka fara sayar da doguwar fitilar nan ta ofisoshi da makarantu a Amurka. Tururin zaiba ne a cikinta ke fid da hasken da ido ba ya gani, farar hodar da aka shafe cikin gilashin da ita ta mai da shi fari. To, amma har zuwa wannan lokaci yawancin hodojin da gwaji aka same su, a haɗa wannan da wancan a gasa, wanda ya yi a riƙe, wanda bai yi ba a zubar.

Baƙo da Mai Masauki

Kafin a shiga labarin Blasse ya kamata a fahimci ƙa'ida ɗaya, kuma kurom ne ya fi kome bayyana ta.

A 1797 wani masanin sinadarai na Faransa, Louis Nicolas Vauquelin, ya fid da sabon ƙarfe daga wani jan dutse da aka kawo daga Siberiya. Da aka ga gishirinsa launi iri iri ne, akwai ja, akwai rawaya, akwai kore, sai aka raɗa masa suna daga kalmar Yunananci mai ma'anar launi. Shi ne kurom. Ba da daɗewa ba Vauquelin ya same shi a cikin yaƙutu da zumurrudu.

Asalin yaƙutu haɗin alminiyam ne da oksijin, wanda idan tsantsarsa ne ba shi da launi ko kaɗan. Ƙwayoyin zarrarsa a jere su ke sahu sahu, kowace tana da gurbinta. Idan 'yan ƙwayoyin kurom suka shiga suka zauna a gurbin alminiyam, sai dutsen ya yi ja, idan kuma aka haska shi da kore ko shuɗi sai ya fid da jan haske na kansa. Becquerel ya auna wannan haske da na'urarsa. A ran 16 ga Mayu 1960 kuma Theodore Maiman ya yi amfani da sandar yaƙutu ya kunna leza ta fari a duniya, a Kalifoniya ta Amurka, kurom da ke cikin sandar kuwa bai wuce kimanin kashi 1 cikin 2,000 ba.

Ke nan a kowace hodar haske akwai mai masauki, watau jikin dutsen, akwai kuma baƙo, watau 'yar ƙwayar da ke yin hasken. Halin baƙo ya dogara ga ɗakin da aka sauke shi. A cikin yaƙutu maƙwabta shida na oksijin sun matse kurom ƙwarai, sai ya yi ja. A cikin zumurrudu matsin ya ɗan sassauta, sai ya yi kore. Yawan baƙi kuma yana ɓata aiki, domin idan aka yi ta ƙara kurom har ya maye gurbin alminiyam duka, abin da za a samu koriyar hoda ce irin ta fenti, wadda ba ta fid da wannan jan haske. Tambayar da ta rage wa masana ita ce, ko za a iya duban mai masauki da baƙo tun kafin a kunna tanda, a faɗi irin hasken da za su bayar?

Blasse a Kamfanin Philips

An haifi George Blasse a birnin Amsterdam a ran 28 ga Agusta 1934, a jami'ar wannan birni kuma ya karanta ilmin sinadarai. A 1960 ya kama aiki a ɗakin bincike na kamfanin Philips da ke Eindhoven. Wannan ɗaki an kafa shi tun 1914 a ƙarƙashin Gilles Holst, bisa ra'ayin cewa kamfanin da ke yin ƙwan lantarki wajibi ne ya riƙe malamai na kansa, ya ba su albashi da kayan aiki da lokaci, su binciki asalin abubuwa ko da amfanin ba zai fito a wannan shekara ba. A nan ne F. A. Kröger ya yi binciken da ya zama littafinsa na 1948 a kan hasken daskararrun abubuwa, a nan kuma aka yi fice wajen haɗa maganaɗisu na yumɓu wanda a ke sa wa rediyo.

Blasse bai fara da haske ba. Aikinsa na fari a kan tsarin duwatsun haɗi ne, watau sanin wace ƙwaya ke zama a wane gurbi idan aka gasa ƙarafa biyu ko uku tare da oksijin, da yadda wannan zama ke sauya halinsu na maganaɗisu. Da wannan ya sami digirinsa na dakta a Jami'ar Leiden a 1964, a hannun E. W. Gorter. Wannan horo ne ya zame masa jari, domin sa'ad da ya juya ga haske ya riga ya san gidaje masu yawa da za a iya sauke baƙo a ciki, ya san mai faɗin ɗaki da mai ƙunci.

A wannan shekara ta 1964 wasu masana biyu a Amurka, Levine da Palilla, suka fid da sabuwar jar hoda ta talabijin mai launi, wadda baƙonta wani ƙarfe ne mai wuyar samu, yurofiyam. Kamfanonin duniya suka dukufa neman irinta. Blasse ya haɗa kai da wani masanin auna haske na Philips, A. Bril, shi yana haɗa hodoji, Bril yana auna yawan hasken da kowace ta mayar. Hanyarsa ita ce ya ɗauki baƙo ɗaya ya sauke shi a gidaje masu yawa waɗanda suka yi kama da juna, ya sauya abu ɗaya tak kowane karo, ya rubuta abin da ya faru, har ƙa'ida ta fito.

Daga wannan aiki ƙa'idodi biyu suka fito waɗanda har yau a ke koyarwa. Ta fari ta shafi taurin masauki. Sa'ad da baƙo ya sha haske ya kan ture maƙwabtansa kaɗan. Idan gidan sako-sako ne sai turin ya yi yawa, ƙarfin ya zube a girgiza ya zama zafi. Idan gidan mai tauri ne sai ƙarfin ya fita a haske, ko da hodar ta yi zafi. Ta biyu ta shafi yawan baƙi. Idan suka matso kusa da juna su kan riƙa miƙa wa juna ƙarfin da suka sha, daga wannan zuwa wancan, har ya faɗa wani gurbi mai aibi ya salwanta. Cikin 1968 da 1969 Blasse ya ba da hanya mai sauƙi ta lissafin tazarar da wannan miƙe-miƙe ke farawa a kanta, daga girman ɗakunan dutsen da yawan baƙin da suka ba da haske mafi ƙarfi. Masu binciken hodar haske har yanzu da wannan lissafi su ke aiki, da sunansa kuma su ke kiransa.

A 1967 Blasse da Bril suka buga 'yar gajeriyar takarda a kan wata hoda ruwan ɗorawa. Mai masaukinta haɗin itiriyam 3 ne da alminiyam 5 da oksijin 12, dutse mai tsananin tauri wanda masana ke taƙaita sunansa da YAG. Baƙon kuwa wani ƙarfe ne, siriyam. A yawancin gidaje siriyam shuɗi ya ke fitarwa, ko hasken da ido ba ya gani, amma a cikin wannan gida matsin ya yi tsanani har ya koma shan shuɗi yana fid da rawaya. Daɗin daɗawa haskensa ya kan ɗauke nan take, cikin abin da bai kai kashi 1 cikin miliyan 10 na sakan ba. Saboda wannan saurin ne aka so ta, domin wata na'urar gidan talabijin mai karanta fim ɗin silima ɗigo ɗigo tana bukatar hasken da ba ya jan jiki. Amfaninta a lokacin bai wuce irin wannan ba.

Shekarun Utrecht

A 1970 Blasse ya bar Philips ya zama shehun malami a Jami'ar Utrecht, inda ya riƙe kujerar ilmin sinadaran daskararrun abubuwa har ya yi ritaya a 1996. Barinsa bai yanke aikin a kamfanin ba. A 1971 wasu ma'aikatan Philips biyu, Koedam da Opstelten, suka nuna da lissafi cewa idan aka haɗa hodoji uku, ja da kore da shuɗi, kowace mai tsantsar launi, za a sami doguwar fitila mai yawan haske wadda kuma ba ta sauya launin tufa ko fuska. Zuwa 1974 Verstegen da abokan aikinsa sun samo hodojin. Irin wannan haɗi ne aka zuba a ƙananan ƙwayaye masu lanƙwasa da suka cika kasuwannin Nijeriya a farkon ƙarnin nan.

A Utrecht Blasse ya faɗaɗa bincikensa. Ya bi yadda ƙarfi ke tafiya cikin dutse daga ƙwaya zuwa ƙwaya, ya binciki hasken gishirin ƙarafa iri iri, ya kuma yi aiki a kan hodojin da a ke ɗaukar hoton ƙashi da su a asibiti, waɗanda kyawunsu ke rage yawan hasken da za a ratsa jikin majinyaci da shi. Takardun da ya buga ɗaruruwa ne. A 1982 aka zaɓe shi cikin Majalisar Masana ta Masarautar Holan. A 1994 shi da B. C. Grabmaier ta kamfanin Siemens suka wallafa littafin Luminescent Materials, ɗan madaidaici, wanda ya zama abin farawa ga ɗaliban wannan fanni a ƙasashe da yawa.

Ya kuma bar almajirai. Ɗaya daga cikinsu, Andries Meijerink, ya ci gaba da aikin a Utrecht, har a 1999 shi da ɗalibansa suka nuna hodar da ke shan ƙwayar haske ɗaya mai ƙarfi ta mai da ita biyu da ido ke gani. Blasse ya rasu a birnin Munich na Jamus a ran 30 ga Disamba 2020.

Yadda Hodar 1967 Ta Iso Kano

Tun shekarun 1960 akwai 'yan ƙananan fitilun nan da a ke kira LED, waɗanda ke mai da lantarki haske kai tsaye, amma ja aka fara samu, daga baya rawaya da kore mai rauni. Shuɗi mai ƙarfi ya gagara har sai da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano na Nagoya, da Shuji Nakamura na kamfanin Nichia, duka a Japan, suka warware wuyarsa. Nichia ya fid da shi kasuwa a 1993, su ukun kuma suka sami kyautar Nobel a 2014.

Amma ba mai son ya haska ɗakinsa da shuɗi. Nichia kuwa asalin sana'arsa yin hodar haske ce, saboda haka mutanensa suka nemi hodar da za ta sha shuɗi ta fid da rawaya, wadda kuma za ta jure zafi ba ta dushe ba. Wadda ta cika sharuɗɗan nan ita ce ta Blasse da Bril. A 1996 aka fara sayar da farar LED. An rufe ƙwayar shuɗi da 'yar hodar, wani sashe na shuɗin ya ratsa ya wuce, wani ya koma rawaya, ido kuwa idan ya haɗa su sai ya ga fari. Tsakanin takardar da wannan amfani shekara 29 ne. Hausawa sun ce mai haƙuri ya kan dafa dutse, a nan kuwa dutsen a tanda aka gasa shi a zahiri.

Wanda ya duba cikin tocilarsa, ko fitilar bayan wayarsa ta hannu, sa'ad da ta ke a kashe, zai ga ɗan ɗigo ruwan ɗorawa. Wannan hoda ce ko 'yar'uwarta. Ƙwan LED mai shan wat 9 ya kan ba da hasken tsohon ƙwai mai shan wat 60, shi ya sa ƙaramin batir ko ɗan faifan hasken rana ya ke isa ya haska teburin mai shayi, ko rumfar mai tsire, ko zauren karatun dare. A garin da wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, wannan ya raba gidaje da yawa da sayen kananzir da shaƙar hayaƙinsa.

Abin lura kuma, ƙarafan wannan ilmi ba baƙi ba ne a ƙasar Arewa. A cikin yashin da masu haƙar kuza suka bari a tsaunukan Jos akwai ma'adinai masu ɗauke da siriyam da itiriyam. A Riruwai ta ƙasar Kano, inda aka daɗe da sanin narka kuza tun kafin zuwan Turawa, akwai dutsen tutiya da farar wuta, irin haɗin da Sidot ya yi a 1866.

Komawa Challawa

Jima tsohuwar sana'a ce a Kano. Majema sun daɗe suna jeme fatar jar akuya da 'ya'yan bagaruwa, a rina ta da karan dafi, fatake su haye Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can ta ke isa gare su. Jimar kurom kuwa daga waje ta zo. Wani Bajamushe, Friedrich Knapp, ya bayyana ta a 1858, Augustus Schultz ya yi rajistar hanyarsa a Amurka a 1884, Martin Dennis ya sauƙaƙa ta a 1893. Abin da bagaruwa ke yi cikin kwanaki, kurom ya kan gama shi cikin yini guda, fatar kuma ta fito da laushi da jure zafi. Yau kimanin kashi 80 cikin 100 na fatun duniya da shi a ke jeme su.

Kurom na majema iri ɗaya ne da na cikin yaƙutu, watau mai caji uku, a nan ma maƙwabta shida ya ke nema ya kama. A cikin gangar jima zaren fata ne masaukinsa, ya kan kama wannan zare da wancan ya ɗaure su, shi ya sa fatar ba ta ruɓewa. Amma a hanyar da aka saba bi, kamar sulusin gishirin da aka zuba ba ya samun gurbi a jikin fata, sai ya fita cikin ruwan wanki. Ruwan Sharaɗa da Challawa ya kan gangara Kogin Challawa, na Bompai ya bi rafin Getsi ya shiga Jakara, a duk wuraren nan kuwa akwai masu noman rani. Malaman Jami'ar Bayero da wasunsu sun sha auna wannan ruwa da ƙasar da ya ratsa, sun kuma sami kurom fiye da ƙima a wurare. Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan, domin idan aka ƙona tarkacen fata, ko kurom ya gamu da wasu sinadarai, wani sashe nasa ya kan koma mai caji shida, wanda guba ne mai jawo ciwon daji.

Maganin wannan sananne ne, kuma daga ilmin nan ya fito. Idan aka ware ruwan jima dabam aka zuba masa hodar magnisiya, kurom ya kan kwanta a ƙasa. A tsiyaye ruwan, a narkar da abin da ya kwanta da ruwan batir, a mai da shi cikin ganga. Da haka majemi ya rage kuɗin gishirin da ya ke sayowa daga ƙasashen waje, kogi kuma ya huta. Sai dai aikin yana bukatar mutumin da ya san awo, wanda ya san lokacin da ƙwaya ke kama gurbi da lokacin da ta ke saki, wanda kuma ma'aikata za ta riƙe shekara da shekaru. A Zariya akwai cibiyar binciken fata a Samaru da ta fasahar sinadarai a Basawa, a Kano akwai sassan kimiyya na jami'o'i. Abin da ya yi ƙaranci shi ne irin zaman da Blasse ya samu a Eindhoven, inda mai bincike da mai ƙira ke ƙarƙashin rufi ɗaya, tambayar ɗaya ta zama aikin ɗayan.

Kammalawa

Tarihin Blasse ya nuna abubuwa uku ga masu horad da malamai. Na fari, ya shiga fannin haske ne da ilmin da ya samo a wani fanni, saboda haka tushe mai ƙarfi a ilmin sinadarai ya fi gaggawar ƙwarewa a abu guda. Na biyu, ya mai da gwaji ƙa'ida ta hanyar sauya abu ɗaya kowane karo da rubuta sakamako, wannan kuwa ɗabi'a ce da a ke iya koya wa yaro tun a ajin sakandare, ko da kayan aikin ba su wuce kanwa da toka da ruwan baba ba. Na uku, amfanin hodarsa mafi girma bai bayyana ba sai a shekarar da ya yi ritaya, a wata ƙasa, a hannun wasu mutane.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan masu nazarin Hausa. Harshen yana da zaiba da tutiya da dalma da kuza da farar wuta da yaƙutu, majema da marina da maƙera kuma suna da kalmomin sana'arsu masu yawa waɗanda ba a gama tattarawa ba. Idan aka tattara su aka daidaita, aka ƙara da sababbi irin baƙo da mai masauki, malami zai iya kashe tocila a gaban ɗalibansa ya nuna musu ɗigon nan ruwan ɗorawa, ya bayyana musu aikinsa da harshen da su ke tunani da shi, sa'an nan ya kai su bakin Kogin Challawa su ɗebo ruwa su auna.